Mai Karatu da Yatsa

"Wai Dogara, in aka samo shafin ƙarshe, kai za ka iya ɗaukar littattafan nan da hannunka ka zuba su a rami?"

Ta bayan zana na ji wannan tambaya, ina tankaɗe a tsakar gida. Barau ne ya yi ta, abokin maigidana, mutumin da ko a gidan makoki ba ya iya rage murya. Sunan da ya kira na maigidan ne, kuma na rubuta shi ne kawai saboda daga bakin wani ya fito. Na ajiye rariya na kasa kunne. Can maigida ya ce, "In dai zan ji yadda ta ƙare, Barau, ko ramin ma ni zan haƙa."

Ni ce Yalwa, 'yar manoman gishiri, matar baduku, daga Birnin Ƙofa Tara, a ƙasar da gishiri ke fitar da kai a kara kamar gero, inda shanu ke da ƙaho huɗu, inda damina in ta sauka takan rufe kowace hanya wata biyar cur. Karatuna bai yi nisa ba, bakina kuma ba ya buɗewa a cikin mutane. Abin da ƙafata ta taka zan faɗa, da abin da kunnena ya ji, da abin da yatsana ya taɓa.

A ƙasarmu ba wanda bai san Baba Korau na Dutsen Zuma ba, ko da yake a birninmu ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Shi ya rubuta littattafai bakwai na Tasalla, yarinyar da mahaifiyarta ta aika ɗebo wuta a maƙwabta, hanya ta juye mata, ta shekara talatin tana neman gida da garwashi a kasko, tana hurawa kada ya mutu. Kullum la'asar akan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar Ƙofa ta Huɗu a karanta, maza a gaba, mu mata a bayan katanga muna kaɗi muna saurare. Rabin 'yan matan unguwarmu sunansu Tasalla. In aka aiki mutum ya daɗe, sai a tare shi da, "Wutar Tasalla ka je ɗebowa?"

Ni kuwa a cikin littattafan nan na koyi zama da mijina. Makon da aka kawo ni ba mu san abin da za mu ce wa juna ba, shi ya kalli bango, ni in kalli ƙasa. Rana ta huɗu ya shigo da littafin farko ya ce in karanta. Na sa yatsa a ƙarƙashin layi ina bi harafi-harafi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya kama yatsan a hankali ya ɗauke, ya ce, "Ido ke karatu, Yalwa." Da ya kau da kai na mayar. Haka muka yi ta yi, yana ɗaukewa ina mayarwa, har muka kai littafi na bakwai, inda Tasalla ta iso ƙofar gidansu, furfura ta fara mata, garwashi yana ci, ta yi sallama. Nan rubutu ya tsaya. Muna jiran sauran sai labari ya zo Baba Korau ya rasu.

To, ga al'adarmu, yadda muka tarar da ita. In marubuci ya rasu, labarinsa kuma ya kammala, sai a bi gida-gida a tattaro kowane kwafi a binne a gefen kabarinsa, wai labari ya bi mai shi ya taya shi zama. In kuwa bai kammala ba, ba a taɓa shi, don ba a binne abin da ke numfashi. Amma wajibi ne dattawan tabarma su nemi ƙarshen tsakani da Allah kafin shekara ta zagayo, in ba a samu ba magana ta wuce har abada. Sun aiki malamai uku, sun dawo hannu wofi. Sai suka ce a aiki baduku, wato maigida, shi ya san inda takarda ke ɓuya a cikin fata. Saura kwana biyu ya tashi, maigida ya hau tsani zai sauko da fatun da ya shanya, tsani ya zame, ƙafa ta karye.

Tun daga ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya ɗauki basilla ya ajiye. Ya ce a kai shi zaure, an kai shi ya ce a mai da shi ɗaki. Sau biyu maɗori yana sake ɗori saboda ya gwada miƙewa. Kullum idonsa yana gabas yana duban hadari. Ni ma abin ya kama ni, in ɗora tukunya in yi ta jira, ashe ban hura wuta ba.

Da Barau ya tafi na kai masa ruwa, na durƙusa, na ce, "Maigida, ni zan je."

Ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya yi ƙara. "Ke? Ke da aron turmi sai kin kwana biyu kina shirya yadda za ki tambaya?"

Ban tashi ba. Ya dube ni, ya sake dubana, dariyar ta tsaya.

Dattawa ba su so ba, amma ba namijin da ya yarda ya yi tsere da damina, ga shekara ta kusa cika. Suka ba ni fararen takardu da tawada. Maigida ya ɗinka mini gafaka yana kwance. Ranar tafiya ya riƙe bakin mayafina ya ce, "Ki kwafo shi harafi-harafi yadda kika saba. Kuma ni za ki fara karanta wa, kafin su." A ranar tambaya ɗaya ce ke cina: mahaifiyar ta amsa, ko ba ta amsa ba? Zancen rami kuwa na tura shi can bayan zuciya.

Kwana shida na yi ina ratsa gonakin gishiri, har tafin ƙafata ya tsage, sannan na iso Dajin Kwaikwayo. Itatuwan dajin nan suna riƙe muryar duk wanda ya yi magana a cikinsu, su yi ta jefa wa juna ita shekara da shekaru. Mai surutu yakan ji muryarsa tana kiransa daga wata kusurwa, ya bi, ya ɓace. Na ce a raina, wannan jarrabawa ba tawa ba ce. Na shiga da hantsi bakina a rufe. Na ji mai neman jakinsa, na ji mata biyu suna faɗa a kan tsintsiya, na wuce.

Sai na ji muryar wani tsoho, mai tari, yana cewa, "Ta yi sallama... a'a, a'a. Ta tsaya tukuna, ta hura garwashin. Yauwa. Ta hura, sannan ta yi sallama."

Wannan layin na san shi, yatsana ya bi ta kansa ya fi sau ashirin. Ashe ta dajin nan Baba Korau yakan bi yana gwada maganarsa a baki kafin ya sa a takarda. Muryar ba irin wadda na ƙera masa a raina ba ce. Siririya ce, kuma yakan yi wa kansa dariya in ya yi kuskure, ya ce, "Kai Korau, ƙarya kake." Na bar hanya na bi ta. Ta tsallaka wata bishiya, na bi. Kullum sai ta kai wurin sallama ta koma baya. Na ce wata bishiyar a gaba ta riƙe sauran. Ina gudu ƙaya tana yage mini zane, har na yi tuntuɓe da wata tsohuwar gafaka da gara ta cinye, ga takalmi ƙafa ɗaya a gefenta. Na ɗaga kai. Rana tana tsaka, hanya babu, muryoyi ta ko'ina.

Na zauna a ƙasa. Sai na ga layin tururuwa yana wucewa ta gaban ƙafata. A littafi na uku, tsakanin yaƙin kadoji da bikin sarauniyar hayaƙi, akwai wani ɗan layi da mai karatun tabarma yakan haɗiye don ya yi saurin kai wa bikin. Ni da nake tsince haruffa ban tsallake shi ba: Tasalla ta lura tururuwa ba ta sauraren kowa, kuma daji ba ya noman hatsi. Na duba da kyau. Waɗanda ke zuwa daga hagu kowace tana ɗauke da jar dawa, mu kuwa a gefenmu ba a noman dawa, sai ƙetaren daji. Na yage bakin mayafi na toshe kunnuwa, na sunkuya, na sa yatsa a gefen layin, na nufi inda masu kaya suke fitowa. Barin muryar nan a baya ya fi mini ƙayar ciwo. Kafin la'asar na fito a wata gonar dawa, ga ruwa shimfiɗe a gabana.

Gulbin Saurare ke nan. Muddin muryar mutum tana tafiya ba yankewa, yakan kwanta lumui kamar mai a kasko. Da ta yanke, sai ya tashi. Mai fito wata mace ce, Marka, damtsenta kamar taɓarya, muryarta ta dishe tun da daɗewa saboda yi wa gulbi magana, don haka yanzu mai ƙetarewa ke yi.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce za ki yi magana? Tun da kika zo ban ji ko gaisuwarki ba."

"Na gaida ki, Inna."

"Da wa? Da cikinki?" Ta yi tsaki. "Malaman nan uku da suka wuce, ai har minshari gulbin ya yi. Ke kam kifi ya samu abinci. Kin iya karatu?"

"Kaɗan."

Ta kwance gefen zanenta ta fito da littafi na bakwai, bangonsa ya yi baƙi don taɓawa. "Ni ban iya ba. Shiga ki karanta. In kika tsaya, ni da ke duka."

Ta tura kwalekwale. Na sa yatsa na fara. Layi biyu na yi na ci karo da wata doguwar kalma, na tsaya in haɗa ta. Ruwa ya mari gefen jirgi. Na sake farawa, na sake cijewa. Gulbi ya kumbura kamar ƙirjin mai fushi, jirgi ya karkace, ruwa ya cika mini cinya. Marka tana ihu da muryar da ba ta fita, "Yi magana, 'yar nan! Ko zagina ki yi!"

Ban san zagi ba. Amma akwai wuri ɗaya da muryata ba ta taɓa yankewa: a kan dutsen niƙa, in ba kowa a gida. Mai waƙar niƙa ba ta tsayawa, jan kalma take har hannu ya dawo. Na rufe ido, na ɗauko wannan karin, na buɗe, na ɗora karatun a kansa. In na iso kalma mai wuya sai in ja gaɓar da ke gabanta, in yi ta ja, yatsana yana haɗa haruffa, har ta haɗu. Ruwa ya sassauta. Ya kwanta. Na niƙe shafi bayan shafi, Marka tana tuƙi, har na kai layin ƙarshe daidai lokacin da bakin jirgi ya taɓa yashi. Na rera, "Ta hura, sannan ta yi sallama."

"Maraba. Shigo, ƙofa a buɗe take," in ji Marka.

Na juya. Ba ni take kallo ba. Ta karɓi littafin ta goge shi da zane, ta ce, "Tawa 'yar shekararta goma sha biyu da tafiya. Ta bi wani mai tukwane. Duk wanda ya karanta mini har wurin nan, ni nake amsawa." Ta ɗaure shi a gefen zane, ta ƙulla sau biyu. "In kin samo abin da aka aike ki, wannan ma za su karɓe?"

"Haka aka ce, Inna."

"To," ta ce. Ta juya jirginta tana yi wa gulbi gunaguni da ragowar muryarta.

Daga nan ramin da na tura bayan zuciya ya dawo gaba ya zauna. Ina tafiya ina lissafa gidajen da na san littafin yana ciki. Na gaji na bari, na sake farawa. In na zauna hutawa sai ƙafata ta ƙi, in miƙe. A gabas hadari ya fara taruwa.

A gindin Dutsen Zuma, inda zuma ke tsattsafowa daga tsagar duwatsu, na tarar da Zangon Masu Jira. Mutane ne da suka zo tun Baba Korau yana da rai don su tambaye shi ƙarshen labari, ya ƙi faɗa, suka kafa bukkoki suka zauna. Sun kasu biyu. Na dama sun ce mahaifiyar ta amsa, na hagu sun ce ta daɗe da rasuwa. Hanyar hawa ta tsakiyarsu ta bi, kuma duk baƙon da ya zo sai sun tambaye shi ra'ayinsa. In ya ce ta amsa, na hagu su riƙe shi sai sun gamsar da shi. In ya ce ba ta amsa ba, na dama su riƙe shi. Na ga wani bafatake da aka ce watansa bakwai a nan, raƙumarsa har ta haihu.

Na laɓe a bayan wani dutse ina kallo. Wani mai gemu yana buga sanda: "Shekara talatin! Wace tsohuwa ce za ta kai?" Wani gajere ya taso masa: "Kakarka ai ta kai, da baƙin halinta!" Aka yi ca. Ana cikin haka aka kawo tuwo, sai na ga mai gemu da gajere sun sa hannu a akushi ɗaya, gajere yana tura masa nama. Na kuma ga wani abu. Mata suna hawa suna sauka ta tsakiyarsu da tuluna a ka, ba wanda ya ɗaga ido ya dube su.

Na sami wata a bakin rijiya, na yi ta maza na ce ta ba ni tulunta in kai mata sama. Na naɗe gafaka a cikin mayafi na goya kamar jariri, na yi gammo, na ɗauka. Na ratsa ta tsakiyarsu. Mai gemu har ya matsa mini hanya ba tare da ya yanke maganarsa ba.

Gidan Baba Korau ɗaki biyu ne da rumbu ɗaya. A bayan gida ga kabarinsa, a gefensa ga wani babban rami da dattawa suka sa aka haƙa tun bara, kaji suna wankan ƙasa a ciki. Wata tsohuwa 'yar ƙarama tana kwaɓa ƙasa da ƙafa. Ita ce Iya Ige, matarsa.

Na sauke tulu na gaishe ta. Ta dubi gafakar da na kwance. "Wata kuma? Shiga ki duba. Akwati yana nan, malamai sun farke katifa, sun leƙa har cikin tukunyar daddawa. In kin ga takarda ki ba ni in kunna wuta."

Na duba har azahar. Ba komai sai alƙalumansa na kara a cikin wani ƙoƙo, duk ya tauna ƙarshensu. Na riƙe ɗaya na daɗe. Da na fito na rasa inda zan sa kaina, na ce, "Iya, kawo in taya ki."

"Rumbu zan yaɓe kafin ruwa ya sauko. Bara shi ya yi mini. Shekara arba'in bai taɓa taɓa laka ba, sai da hannunsa ya fara rawa ya kasa riƙe alƙalami, sannan ya ce wai zai taya ni. Dubi aikin. Kamar kaza ta yi tonon tsaba."

Na ɗebi laka na nufi rumbun. Ga ido, yaɓe ne marar kyau kawai. Na dafa da hannun hagu don in sami wurin farawa. Yatsana ya faɗa cikin wani ɗan zane marar zurfi, ya bi shi da kansa, ya lanƙwasa, ya sauka. Harafi ne. Na matsa. Wani ne. Lakar ta zame daga hannuna ta faɗi.

Na nemo farkon a wajen ƙofar rumbu. Ta hura, sannan ta yi sallama. Layin bai tsaya ba, ya ci gaba, ya zagaye rumbun. Na bi shi. Na zagaya sau bakwai, daga tsaye har na koma durƙuso, har na koma rarrafe, ido a rufe, don ido ba ya ganin komai a nan. Inda hannunsa ya yi rawa na ji rawar. Inda ya tsaya ya huta na ji wurin da ya dafa. Na ji abin da ya faru a ƙofar gidan su Tasalla, duka, har inda ya ɗiga aya. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban taɓa yi a gaban mutum ba.

Iya Ige tana tsaye a kaina. "Kin gama?"

"Iya, rubutu ne."

"Na sani. Ban iya karatu ba, amma ban makance ba. Malaman nan a jikinsa suka jingina suna shan fura."

"Me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Akwati suka tambaye ni."

Na share fuska. "In karanta miki?"

Ta dubi kabarin. "Yarinyar nan Tasalla ta cinye mini miji shekara arba'in. Ba na son jin labarinta." Ta gyara ɗankwali. "Abu ɗaya. Sunana yana ciki?"

Yana ciki. A can ƙasa, dab da gindin rumbu, bayan ayar, akwai wani gajeren layi. Na kama hannunta na ɗora yatsanta a kai, na ja shi a hankali ina faɗa mata: "Ige, na gama. Ki bari ko ki shafe, yadda kika ga dama."

Ta bar yatsan a wurin. "Ji mutum," ta ce. "Ya san ban iya karatu ba. Kullum haka yake, ya bar mini aiki ya tafi." Aka yi tsawa a gabas. Ta miƙe da ƙyar, ta jawo ƙwaryar laka ta ajiye a damana, ta jawo gafakata ta ajiye a haguna. "Shekara guda ina kallonsa, hannuna ya kasa. Ke kika karanta. Ruwa yana zuwa jibi ko gata."

Ta shige ɗaki ta bar ni.

Na buɗe gafaka na fito da takarda. Na tsoma alƙalami. Na tuna maigida yana riƙe da bakin mayafina. Na tashi na zagaya rumbu, na dawo na zauna. Na sake tashi na je bakin ramin, kaji suka watse. Ramin yana da zurfi, an yi shi da faɗi don ya ɗauke na kowa. Daga nan ina jiyo hayaniyar zango a ƙasa, an koma gardama. Na tuna ƙulli biyu a gefen zanen Marka. Na tuna wata amarya da za a kawo wani gida baɗi, ita ta kalli ƙasa, shi ya kalli bango.

Tawada ta bushe a bakin alƙalami. Na mai da takarda, na ɗebi laka, na fara daga sama. Na yi yaɓe mai kyau, sumul, irin wanda mahaifiyata ta koya mini. Gajeren layin nan na ƙasa kaɗai na kewaye na bari. Da Iya Ige ta fito ta gani, sai ta ɗauko wani fasasshen kasko ta jingina a kansa don kada ruwa ya taɓa.

Da gudu na dawo, hadari yana bina. A gulbi Marka ba ta tambaye ni komai ba. Ta dubi lakar da ta maƙale a farcena, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kwance littafin ta miƙo mini. A daji na toshe kunne tun daga baki. Ɗigon farko ya same ni a Ƙofa ta Huɗu, ana naɗe tabarma.

Dattawa suka kewaye ni. Babbansu ya ce, "Kin samo takarda?"

"Babu takarda, Baba." Na miƙa gafaka. Suka zazzage, fararen takardunsu suka zubo yadda suka ba ni.

"Dama mun faɗa," in ji Barau da ƙarfi. "Malamai uku sun kasa, sai mai karatu da yatsa?" Aka yi dariya. Amma na lura babban dattijon ya sauke numfashi a ɓoye, kuma ya rungume littafin da ke hannunsa ya rufe shi da riga saboda yayyafi. Ba wanda ya ƙara tambayata komai. Shekara ta cika bayan kwana tara.

A gida ne abin ya yi nauyi. Maigida ya fara takawa da sanda. Ya sa na zauna, ya dubi tsagar ƙafata, da kansa ya kawo man kaɗanya. Na ba shi labarin daji da muryar Baba Korau, ya sa na maimaita "Kai Korau, ƙarya kake" har sau uku yana dariya da hawaye. Na ba shi labarin gulbi da na zango. Da na kai kan dutse sai na ce gidan ɗaki biyu ne, matarsa tana nan da ranta, na taya ta aiki.

Ruwa yana zuba a kan jinka. Ya ce, "Ke a ganinki, Yalwa, ta amsa?"

Saura kaɗan in faɗa masa. Na san in na faɗa masa zai yi farin ciki ko ya yi kuka kwana ɗaya, kwana na biyu Barau zai gani a fuskarsa, kwana na uku a zo da kwando ƙofar gida. Na kuma san daga yau kowa a ƙasar nan yana da abin da zai jira, ban da ni. Na dubi ƙasa kamar makon farko.

Ya yi murmushi. "Ke dai ba a raba ki da shirunki." Ya miƙa hannu ya jawo littafin farko daga gefen gado. "To, mu koma. Wataƙila akwai abin da muka tsallake."

Na buɗe na sa yatsa a ƙarƙashin layi. Hannunsa ya taso kamar yadda ya saba, sai ya tsaya a hanya, ya koma kan gwiwarsa. Na karanta masa yadda mahaifiyar Tasalla ta miƙa mata kasko ta ce kada ta daɗe.

Fararen takardun nan dattawa sun bar mini, a kansu na rubuta wannan, kuma ƙasan adudu za shi, ƙarƙashin zanen aurena. Abin da yatsana ya karanta a jikin rumbu bai shiga ciki ba. Na yanke ba zan gaya wa kowa ba, ko takarda, ko shi.